Tafinta

A littattafan da nake karantawa a ɗakin haya a Wad Madani,
in marubuci zai raba yaro da ƙuruciya
sai ya kashe masa wani abu.
Ko uba, ko ɗan akuyar da ya raina,
ko tsuntsun da ya harbo da danƙo
ya tsaya yana kallon jini a tafin hannunsa.
Kana juya shafi, murya ta buɗe, an zama mutum.

Ni ba a kashe mini kome ba.
Ranar ma na sha koko, har da ƙari.

Shekarata tara. Mai Wurno, an idar da asuba.
Kaka Hansai ta ɗaure kuɗin mota a bakin mayafi,
ƙulli biyu, ta ja da haƙori.
Ta ce, Annur, taso, yau kai ne bakina,
Larabcina na salla ne da cinikin gishiri.
Na taso ina jin kaina kamar liman.

Ofis a Sinnar. Fanka na juyi, iska ba ta saukowa.
Layi ya fita ƙofa ya zagaye bishiyar darbejiya.
Sai da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa
muka iso gaban akawu.

Ya ce, a ina aka haifi kakanta?
Na juya mata da Hausa.
Ta ce, gaya masa cibiyata na binne bayan ɗakinmu,
ubana na kwance kusa da kogi,
nasa uban ya taso da ƙafa zai je Makka,
ruwan nan ya tsai da shi, ya shuka dawa.
Na kwashe duka na kai masa,
ban zubar da ko ƙwaya ba.

Bai ɗago ba.
Ya kurɓi shayi, ya karkata ga na kusa da shi,
ya faɗi kalma guda, suka yi dariya.
Na san kalmar.
A filin ƙwallo ake jifanmu da ita
in ƙauyen tsallake suka sha kashi.
Ban san tana sa farar riga
ta zauna bayan tebur ba.

Kaka ta taɓa kafaɗata. Me ya ce?

Harshe biyu a bakina,
kowanne ya yi nauyin dutsen niƙa.
Na ce, ya ce hatimi na wurin babbansu,
mu dawo ran Lahadi.
Na ƙara da cewa, yana gaishe ki.
Wannan ƙarin har yau ban san inda na samo shi ba.

Ta ce, madalla, ce masa Allah ya yi albarka,
ya raya masa zuriya.
Na faɗa masa. Da Larabci mai tsabta,
irin wanda malam ke ba maki goma.
Sai lokacin ya dube ni.

A hanyar dawowa ta saya mini gwaiba uku.
Motar na girgiza, kogi na binmu ta gefe,
masunta na jan koma kamar jiya.
Na riƙe gwaibar har ta yi ɗumi.
Dab da gari ta ɗora hannu a kaina,
idonta na waje,
ta ce, ashe kai ma ka iya ƙulli.

Ba mu koma ran Lahadi ba.
Ba ta tambaya ba, ban tuna mata ba.

Bara na rubuta labarin na kai wa wani mai gyaran rubutu.
Ya karanta, ya cire tabarau,
ya ce, hannunka da kyau, amma ba abin da ya faru a ciki,
ko za ka kashe tsohuwar a ƙarshe?
Na karɓi takarduna.
Ta riga ta rasu da kanta, shekara goma sha ɗaya bayan nan,
da damina, tana tsinkar zogale,
kuma wannan wani labarin ne.